Sola Mai Jiran NEPA: Wa Ake Yi Wa Wayo A Gwarzo Da Kabo?

Na san yawancinku labari kuka leƙo nema, to ku yi mini haƙuri a yau, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga in aka ci gaba da yin shiru a kanta, kuɗin bayin Allah za su ci gaba da zurarewa. Maganar sola ce, da irin cinikin biri a sama da ake yi da sunanta a ƙasarmu ta Gwarzo da Kabo.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta tsallake naira 1,000. Janareta ya koma kamar amaryar da ta fi ƙarfin aljihun ango. Shi ya sa yau duk wanda ya bi titin Kano zuwa Gwarzo, ya leƙa Garo da Kabo da Getso, zai ga faifan sola a kan rufin kemis, da shagon cajin waya, da masallaci, da gidan mai sayar da ƙanƙara. Wannan abin farin ciki ne, kuma ba ni da ja a kansa. Jayayyata da wasu dillalai ce da suka taso tare da wannan kasuwa, injiniyoyin Facebook da TikTok, waɗanda suke tallata wa mutanenmu wata irin sola da ba don mu aka ƙera ta ba.

Bari in warware zancen tun daga tushe, don kada wanda bai san harkar ba ya ɓace a hanya. Sola iri uku ce. Akwai mai zaman kanta, wadda ba ruwanta da wutar layi: faifai, inbata, batir, shi ke nan. Akwai mai jingina da layi, wadda ba ta da batir ko ɗaya, da rana ta haɗa wutarta da ta NEPA, da dare kuma ka sha ta NEPA zalla. Sai ta uku, mai raba ƙafa, wadda masu sayarwa ke kira haibirid, tana karɓa daga rana, ta karɓa daga layi in an kawo, ta kuma ajiye a batir. NEPA ɗin da nake ta ambata kuwa sunan da bakinmu ya saba da shi ne kawai, ita hukumar an sauya ta da PHCN tun 2005, kuma tun Nuwamban 2013 kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa.

To ta biyun nan, mai jingina da layi, ita ce abin faɗana. Dillali zai zo maka da murmushi ya ce, "Alhaji, wannan ita ake yayi a Turai, ba ka buƙatar batir, ka ga ka huta da kashe maƙudan kuɗi." Abin da ba zai gaya maka ba shi ne, wannan inbata da gangan aka ƙera ta ta mutu da zarar an ɗauke wutar layi. Cikin daƙiƙa biyu ko ƙasa da haka take kashe kanta. Ko da ƙarfe goma sha biyun rana ce ta watan Afrilu, rana na dukan faifanka kamar ta fasa shi, muddin babu wuta a falwaya, ƙwan fitila ɗaya ba zai kama a gidanka ba.

Kuma masu ƙera ta ba mugunta suka yi ba, dalilai biyu gare su. Na farko, ita wannan inbata 'yar amshi ce, ba ta iya bayar da waƙa. Sai ta saurari bugun wutar layi, wanda a Nijeriya yake kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, sannan ta bi sahu. In zabiya ta yi shiru, 'yar amshi me za ta amsa? Na biyu, rai ake karewa. In an kashe layi ma'aikaci ya hau falwaya zai yi gyara, ita kuma solarka tana ci gaba da tura wuta cikin wayar, ka kashe bawan Allah kana zaune a ɗakinka ba ka sani ba.

Ashe ke nan amfanin wannan sola gaba ɗaya ya rataya a kan tambaya guda: awa nawa ake samun wuta a layinka da rana? A Jamus, inda dokar shekarar 2000 ta sa ake sayen wutar sola daga hannun masu gidaje, ɗauke wutar da mutum ke gani a shekara guda cur, in an yi matsakaicin lissafi, bai kai kwata na awa ba. A irin wannan ƙasa batir ado ne. Mu kuwa fa? Hukumar NERC da kanta ta kasa masu shan wuta gida biyar: rukunin A awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Wannan fa alkawari ne a takarda. Ɗan uwa mai shago a Kutama ko Lakwaya ko Gude, duba takardar bil ɗinka ka ga rukunin da aka sa ka, sannan ka sami littafi ka rubuta lokacin da aka kawo da lokacin da aka ɗauke, har kwana talatin. Ka ware awannin da suka faɗo tsakanin hantsi da la'asar, domin su kaɗai ne sola mai jingina za ta yi maka aiki a cikinsu. Wutar da aka kawo ƙarfe biyun dare ba ta san da zaman faifanka ba. In ka gama wannan ƙidaya, kai da kanka za ka ba dillali amsa.

Wanda ya manta kuma ya tuna Oktoban 2024. 'Yan ta'adda sun lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin da ya biyo ta Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, akasarin jihohin Arewa suka kwana fiye da mako guda a cikin duhu. A waɗannan kwanaki, mai ƙaramin faifai ɗaya da tsohon batir a ƙauye ya yi cajin wayoyin unguwa ya sami na cefane, shi kuwa wanda ya shimfiɗa faifai ashirin masu jingina da layi sai kallon rufi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ƙarya ta biyu ta fi ta farko zaƙi a kunne. Kwanakin baya wani ɗan kasuwa da ke da firizoji huɗu ya nuna mini takardar farashi da wani kamfani ya ba shi, an rubuta masa ɓaro-ɓaro cewa rarar wutarsa zai riƙa sayar wa masu wuta, wai nan da shekara biyu kuɗinsa sun dawo. Na ce da shi, "Alhaji, wa zai saya? A nawa? Da wace mita za a auna? Ina takardar yarjejeniya?" Ko ɗaya babu amsarta a takardar. Sayar da wuta ga layi yana buƙatar mita mai ƙirga shiga da fita, da amincewar kamfanin rarraba wuta a rubuce. Daftarin ƙa'idar da NERC ta fitar a 2025 kan wannan ciniki ma da na'urori masu kilowat 50 zuwa sama ya fara, wato masana'antu da manyan ma'aikatu, wanda ya ninka abin da gida ko shago ke sawa sau goma ko fiye. Abin da ya fi muni, akwai mitocin kati da ba su bambance wutar da ta shigo da wadda ta fita, duk ƙirgawa suke yi. Ka ba da wutarka kyauta, a kuma cire maka kuɗi a kanta! Kai jama'a, ina aka taɓa yin haka, ka kai tuwo gidan biki a ce ka biya kuɗin kwano?

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ai ga tashar sola mai megawat 10 da Shugaba Buhari ya buɗe a Challawa, ƙaramar hukumar Kumbotso, a Janairun 2023, da layi aka haɗa ta. Gaskiya ne. Amma wannan tasha ce da aka gina a unguwar masana'antu, da taransifomominta da yarjejeniyarta da injiniyoyinta. Shagonka da ke ƙarshen waya, bayan taransifomar da unguwa ke yi wa karo-karo duk damina, ba sa'anta ba ne. Me ya sa kuma ba a kawo misalin Jami'ar Bayero, wadda hukumar REA ta ƙaddamar wa tashar megawat 7.1 a 2019? Ita da batura da janaretoci aka haɗa ta. Jami'a guda a cikin birnin Kano ba a jingina ta da layi zalla ba, sai kai da ke Madadi?

Za a kuma ce batir tsada. Wannan ma gaskiya ce, sau da yawa shi ne mafi tsada a cikin kayan. Sai dai araha ba ta ado, kuma kayan da ba ya aiki ranar da kake buƙatarsa ya fi kowane kaya tsada. Ban ce mai jingina da layi ba ta da wurin zama ba. Mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai da ke rukunin A, wanda tun Afrilun 2024 aka mayar masa da yunit ɗaya sama da naira 200, kuma da rana yake aikinsa, shi kam za ta rage masa bil sosai. Kowane allazi da nasa amanu.

Haka nan ban goyi bayan masu zuciya ba, waɗanda ke cewa a yanke wayar NEPA a jefar. A watan Agusta hadari kan rufe sama kwana biyu ko uku, in hunturu ya shigo kuma hazo da ƙura su dusashe faifai. A irin waɗannan ranaku, awa uku na wutar layi sun isa su cika maka batir. Don haka ni a ganina, ga gida ko shago a Gwarzo da Kabo, mai raba ƙafa ita ce daidai: rana ce uwar gida, batir na biye da ita, NEPA kuwa baƙuwa ce, in ta zo a yi mata maraba, in ba ta zo ba a ci tuwo a kwanta.

Amma ko ita kada ka saya da ka. Fara da lissafin abin da kake kunnawa. Fanka mai wat 60 in ta yi awa goma ta sha wat 600, wato ɗan fiye da rabin yunit. Fanka uku, ƙwai takwas na zamani, talabijin da firiza ɗaya za su ci wajen yunit biyar a yini. Faifai mai wat 550 a ranar ƙasar Kano yakan ba da yunit biyu da ɗan ɗori, bayan an cire asarar zafi da ƙura da waya, domin shi faifai haske yake so, zafi rage masa ƙarfi yake yi. Ka ga faifai uku sun riƙe wannan gida, na huɗu ya zama na ranar hadari. Batir kuma daidai abin da kake sha da dare za ka saya. Na lithiyam ana iya shan kashi 80 cikin ɗari na cikinsa ko fiye, ya kuma yi shekaru. Na ruwa mai bolt 12 da amfiya 200 yunit biyu da kusan rabi ne a rubuce, amma rabin kawai za ka sha in kana son ya yi ƙarko. Sannan ka mayar da aiki mai nauyi rana: guga, tura ruwa tanki, daskarar da ƙanƙara. Mai injin niƙa da mai walda su sani cewa inji yakan ja ninkin wutarsa sau uku ko fiye a lokacin tashi, ƙaramar inbata ba za ta ɗauka ba. Manomin rani a bakin dam ɗin Guzuguzu kuwa, famfon sola da ke aiki kai tsaye da rana ya ishe shi, ba batir ba layi.

Kafin ka miƙa ko sisi, sa dillali a gaba ka yi masa tambayoyin nan. In an ɗauke wuta da rana, wannan inbata za ta ci gaba da ba ni wuta? Ya gwada a gabanka ranar da aka ɗaura, a kashe layi ka gani da idonka. An saita ta kada ta tura wuta waje? Ina ƙarfen da za a binne a ƙasa da abin kare tsawa, tunda damina na tafe? Faifan kudu zai kalla, da ɗan karkata yadda ruwa zai wanke shi, ko inuwar darbejiya za a jefa shi? Garantin shekara nawa ne, kuma in ta lalace ina shagon da zan same ka? Duk wanda ya fara kame-kame a kan waɗannan, ka riƙe kuɗinka, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ku kuma dillalai, ku ji tsoron Allah. Wanda kuke yi wa wannan wayo buhunan masararsa ya sayar, wata kuma adashinta na shekara ta kwasa don ta sayi firiza ta riƙe marayu. Masu mulki su ma da nasu: dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, to a fara da tantance masu ɗaura sola, a san ƙwararre a san ɗan bumburutu, a kuma koya wa matasanmu wannan sana'a a makarantun fasaha yadda ya kamata.

Wanda yake ganin na yi son kai, fili a buɗe yake, ya kawo hujjarsa. Sharaɗina ɗaya ne, ya zo da littafin ƙidayar awannin wutar layinsu na wata guda. Allah Ya ba mu wuta mai ɗorewa, Ya raba mu da cinikin da-na-sani.