Murjani ba dutse ba ne

Yara, kun san murjanin da mata suke sawa a wuya. Daga teku yake fitowa. Mutane da yawa suna cewa dutse ne. Ni ban yarda ba.

Waɗansu ƴan mitsi-mitsin halittu ne suke gina shi. Kowace tana yin gidanta mai tauri, in ta mutu na baya su ɗora nasu a kai, kamar yadda gara take tada suri. A gaɓar Ostiraliya, danginsu sun jera gini mai tsawon kilomita 2300. Daga Yamai zuwa Damagaram, zuwa da dawowa, bai kai haka ba! Nauyinsa kuwa, babu ma'aunin da zai ɗauka.

Amma kada girman nan ya ruɗe ku. Nauyin duk na gidajen matattu ne, masu rai suna bisa kawai, kamar fata a jiki. In ruwa ya yi zafi da yawa sai su yi fari, da dama su mutu. Haka ya faru can a 2016 da 2017.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a riƙa fasa shi don gini ko sayarwa. Wani iri, santimita ɗaya yake ƙarawa a shekara. Wanda ya ɓalle mita ɗaya, ya rushe aikin shekara 100.