Mai gudun hunturu a Dapaong, jarumin ƙanƙara a Faransa

Duk Disamba sai hotunan su fara yawo a wayoyinmu: wani ɗan kasuwa ko babban ma'aikaci haifaffen Sokode ko Dapaong, ya naɗe kansa kamar ƙunshin goro, sanduna biyu a hannu, fararen tsaunuka a bayansa. Wai ya je hutun zamiya a kan ƙanƙara. Ni dai abin yana ba ni haushi, kuma zan faɗi dalili ko da za a ce hassada ce.

Mu fara da lissafi. Tun 2024 kuɗin bizar shiga Turai yuro 90 ne, kusan sefa 59,000. Mafi ƙarancin albashi a Togo sefa 52,500 ne a wata. Wato takardar neman izini kaɗai, wadda ma ana iya hana ka, ta fi guminka na wata idan kai lebura ne. A Val Thorens, ƙauyen shaƙatawa da ke mita 2,300 a tsaunukan Alps na Faransa, tikitin hawa kujerar da ke ɗaga mutum zuwa sama na yini guda ya haura yuro 60. Ban sa jirgi ba, ban sa masauki da hayar takalma ba.

Za a ce kuɗinsa ne, ya yi yadda ya ga dama. Gaskiya ne. Amma bakina ma nawa ne. Abin da ke ci mini rai ya wuce kuɗin, raini ne. Mutumin nan da ke faɗuwa yana tashi a ƙanƙara, idan ka ce ya zo gida a watan Janairu sai ya ce hunturun arewa yana fasa masa leɓe. Ka tambaye shi ko ya taɓa sauka kogunan dutsen Nok, kudu da Dapaong, inda kakannin Moba suka gina rumbunan ƙasa a jikin dutse suna fakewa daga mahara, sai ya yi maka kallon mahaukaci. Wurin yana da tsanin ƙarfe da ake bi a sauka, ƙasa kuma tana can nesa a ƙarƙashinka. In tsoro da bugun zuciya ake saye a Alps, ga shi nan a araha. Zanen da ke jikin duwatsun Namoudjoga ma bai san da shi ba.

Ga abin dariya mai ciwo. Gandun dajin Fazao-Malfakassa, yamma da Sokode, mai faɗin murabba'in kilomita 1,920, gidauniyar Franz Weber ta ƙasar Suwizalan ce ta riƙe shi daga 1990 zuwa 2015. Mutanen Alps sun baro tsaunukansu sun zo tsare namu shekara 25, masu kuɗinmu kuwa suna layi a ofishin jakadanci don su je su taka nasu. Ko a 2014, da Togo ta fara shiga wasannin Olamfik na sanyi a Sochi, 'yan wasa biyu ne suka wakilce ta: Mathilde-Amivi Petitjean, wadda ta girma a Faransa, da Alessia Dipol, haifaffiyar Italiya. Ban ga laifinsu ba. Amma mun nemi suna a ƙanƙarar da ba mu da ita, alhali mahaya dawakin Sokode da masu rawar wuƙa a bikin Gadao-Adossa ba su da wanda zai tallata su ko a Akara.

Na san amsar da ta fi ƙarfi: tsaro. Tun Yunin 2022 yankin Savanes yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, bayan harin Kpekpakandi da ya kashe sojoji 8 a watan Mayun shekarar. Ba zan ce wa kowa ya ɗauki iyalinsa ya nufi bakin iyakar Burkina Faso yawon buɗe ido ba. To amma kafin 2021 fa, lokacin da ba a ji ƙarar bindiga ba, wa ya hana su? Kuma Sokode tana tsakiyar ƙasa ne. Tsagar dutsen Aledjo tana kan hanyar Kara, ba ta neman biza. Gidajen ƙasa na Koutammakou suna cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 2004.

Batun tsaron ma ai hujjata ce. Tun da baƙin Turai suka ja baya, saurayin da ke raka mutane kan dutse da mai masauki da mai sayar da wagashi su ne suka rasa ciniki. Wanda ya kamata ya cike gurbin shi ne ɗan gida mai hali, ko da kuɗin gyaran hanya ne ko rijiya a ƙauyen da ya karɓi 'yan gudun hijira. Kuɗin mako guda a Val Thorens zai riƙe masaukin baƙi a Dapaong wata da watanni. A maimakon haka sai a turo wa mai masaukin hoto ta WhatsApp, a ce ya sa albarka.