Laifin wanda bai mutu ba

Ranar 10 ga watan Disamba na shekara ta 2019 aka kai hari a barikin soja na Inates, kusa da iyakar Mali. Sanarwar hukuma ta ce sojoji 71 sun kwanta dama, 12 sun ji rauni. An yi zaman makoki na kwana uku, an sassauto da tuta, an jera gawawwaki a filin jiragen saman soja na Yamai, shugabannin ƙasashen Sahel sun zo sun tsaya bakin kaburbura sun yi addu'a. Duk wannan ya dace, babu mai ja. To amma a tare duk wani mai bin labarai, daga Tawa har Damagaram, a tambaye shi ina mutum goma sha biyun nan suke yau, wane ne ya koma bakin aiki, wane ne ke jan ƙafa, wane ne matarsa ke ɗaga shi ta kwantar. Zai yi shiru, kuma shirun ba nasa ba ne shi kaɗai. A harin Bosso na watan Yuni na 2016, waɗanda suka ji rauni sun haura ɗari, sun ninka mamatan sau da yawa, su ma an ambace su a layi ɗaya na sanarwa, aka wuce.

Ƙasar nan ta ƙware wajen jana'iza, jinya ce ba ta iya ba. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne: mamaci ba ya kawo takardar magani, ba ya tsayawa ƙofar biro da sanda, ba ya tambayar ina dosiyensa ya maƙale. Yabon mamaci araha gare shi. Mai rai da rauni kuwa bashi ne mai tafiya, ana iya shekara arba'in ana biyan sa.

A ɗauki irin gidan da ake samu a kowane gari mai bariki. Maigidan bai cika shekara talatin ba. Motarsu ta taka nakiya a wata hanya ta jihar Tilaberi ko ta Difa, ya farka a gadon asibiti babu ƙafar dama daga gwiwa, kunne ɗaya ya daina ji. Yana da ƴaƴa uku: mai shekara shida, mai shekara uku, da na goye. Masu jawabi suna tsammani ranar da aka sallame shi daga asibiti ita ce ƙarshen magana, alhali a ranar ce aikin ke somawa. Dungun ƙafa yana canza siffa cikin watannin farko, ƙafar roba da aka auna jiya sai ta yi yawa gobe, kuma ko ta zauna daidai, bayan ƴan shekaru dole a sake ta. Cikin zafin watan Afrilu gumi na taruwa a cikinta, fata ta saɓule, gyambo ya buɗe. Ga ciwon ƙafar da babu ita, wanda likitoci suka san shi sarai, amma maƙwabta suna cewa iska ce ko sammu. Wuraren da ake ƙera ƙafar roba da gyaran ta ƙalilan ne, na Yamai da na Damagaram su ne aka fi sani, tsakanin biranen biyu kuwa kusan kilomita 900 ne. Mutumin Dakoro ko na Madawa sai ya biya kuɗin mota na mutum biyu, don ba ya tafiya shi kaɗai.

A cikin gida kuma kome ya zama jarrabawa. Salga ta tsuguno ce. Alwala, zaman tabarma, tsallake dokin ƙofa, duk an yi su ne don mai ƙafa biyu. Keken guragu ba ya tafiya cikin rairayin unguwannin Maraɗi. Yaron nan mai shekara uku yana miƙa hannu a ɗauke shi a wuya kamar da, uban ya kau da kai.

Wanda ke ɗauke da wannan kaya duka ba shi da galo a kafaɗa, ba a kuma taɓa maƙala masa lambar yabo ba: matar gidan ce. Ita ce mai wanke ciwo, mai ɗebo ruwa, mai bin layin farmasi, mai goyo, mai neman abin da za a sa a tukunya tun da ƙarin kuɗin fagen daga ya tsaya. Ba wanda ya koya mata yadda ake ɗaga namiji baligi ba tare da ta karya bayanta ba. Da dare in mijin ya zabura cikin barci yana kiran sunayen abokan da suka mutu gabansa, ita ce ke rufe bakin jariri. Danginta na raɗa mata cewa har yanzu yarinya ce, ta nemi takardarta. Danginsa na ƙirga abin da suke zaton an ba shi, suna harararta. In ta yi ƙorafi a ce ba ta da haƙuri. Haƙuri dai, wannan kalma mai daraja, an mayar da ita murfin tukunyar da ba a son a leƙa.

A nan ne maganar ta iso ƙofar lakwal. Kowane malami ya san irin yaron da ke gyangyaɗi tun ƙarfe tara, ko mai kai duka ba gaira ba dalili a filin wasa. Kafin a ɗauko bulala, da an tambaya da an ji cewa daren jiya ba a runtsa ba a gidansu, ko kuwa wani ya kira shi ɗan gurgu. Ƴaƴan irin wannan gida suna koyon magana ƙasa-ƙasa, suna koyon rufe ƙofa a hankali, don ƙarar kwano da ya faɗi tana iya mayar da ubansu fagen daga. Babbar ɗiya kuwa, ranar da kuɗi suka yanke, ita ce ta farko da za a ɗora wa faranti a aika talla. Malamin da ya rubuta "ba ta zo ba" a rajista ya rufe littafi, ya sa hannu cikin abin ko bai sani ba.

Akwai masu cewa ƙaddara ce. Lalle ƙaddara ce nakiya ta tashi, amma dosiyen da ya kwana wata da watanni a kan tebur hannun mutum ne ya ajiye shi. Akwai masu cewa soja ya san abin da ya sa wa hannu. Ya sani, ya ba da jikinsa, ai kuwa yarjejeniya ɓangare biyu gare ta, kuma ɗan goye bai sa hannu a kome ba. Akwai masu cewa tayar da wannan zance yana karya gwiwar mayaƙa, sai a yi shiru don kishin ƙasa. Wannan ita ce hujja mafi rauni. Sojan da ke Difa yau ba daga jarida yake jin labarin abokinsa ba. Ya san gidan, ya ga matar tana sayar da ƙuli-ƙuli, ya kuma yi wa kansa lissafi. Ba faɗar abin ke karya gwiwa ba, ganinsa ne.

Saura masu cewa ƙasa matalauciya ce. A shekara ta 2020 rahoton bincike a ma'aikatar tsaro ya yi maganar sefa miliyar 76 da suka salwanta cikin cinikin kayan soja tsakanin 2014 da 2019, ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. An rage adadin daga baya, amma ko an raba shi goma, ƙafafun roba nawa zai saya? A watan Oktoba na 2023 kuma an kafa asusun haɗin gwiwa don ceton ƙasa, talaka ya zuba, ɗan kasuwa ya zuba. Haƙƙin mai zubawa ne ya ji, da lambobi a fili, nawa ne ya shiga gidajen raunanannu.

Abin kunyar shi ne an san wannan labari tun da daɗewa, an kuma yi shekaru ana zagin wasu a kansa. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na ƙasashen da ta mallaka, har ya zama tirayer da ya bar hannu a Italiya ko Indoshin yana karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, abokinsa Bafaranshe na karɓar ninkin-ba-ninki. Sai da Amadu Diop, wani tsohon soja ɗan Senegal, ya kai ƙara, babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya a 2001 bayan ya riga ya rasu. Sai da fim ɗin Indigènes ya fito a 2006 kafin a daidaita fanshon rauni daga 2007, sauran kuma sai 2011, lokacin da yawancin masu haƙƙin suna ƙarƙashin ƙasa. Malamai na koyar da wannan a aji da ɗaci a baki, kuma suna da gaskiya. Amma laifi tudu ne. Wanda ya zargi baƙo da jiran tsofaffi su mutu don bashi ya ragu, bai kamata a same shi yana yi wa ɗan cikinsa irin wannan jira ba.

Dokoki ba su ne suka yi ƙaranci ba. Tun 1993 doka ta keɓe wa naƙasassu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, a 2008 kuma Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu. Sojan da ya rasa ƙafa bai rasa kai ba. Ya iya rediyo, ya iya lissafin kaya, ya iya horon sababbi. Mayar da shi gida ya zauna zaure yana kallon hanya, ko ya ƙare a ƙofar masallaci da ƙoƙo, asara ce ta biyu da ba abokin gaba ya jawo ta ba.

Ƙungiyoyin al'adu ma ba su tsira ba. An yi waƙoƙi barkatai na zuga maza su shiga daji, an yi kirarin waɗanda suka faɗi. Wasan kwaikwayo na Hausa, wanda ya saba shiga har ɗakin kishiyoyi da biron mai cin hanci ya fito da abin da ke ciki, har yanzu yana tsaye ƙofar wannan gida bai yi sallama ba. In gurgu ya hau dandali, don a yi dariya ne ko don ya yi bara. Ga matar soja da ta shekara ba ta yi barcin kirki ba, ga yaron da ke ɓoye wa abokansa inda gidansu yake, ga uban da ke jira ƴaƴa su yi barci kafin ya cire ƙafarsa ya jingine ta a bango. Ƙungiyar da ke neman abin da za ta nuna a bikin ƙarshen shekarar karatu ba sai ta je nesa ba, unguwar bayan bariki tana nan, tafiyar kabu-kabu ɗaya ce.