Zuwa ga 'yan ƙwallon da suka koma koci a Adjamé da Treichville



Da ku nake, ku da kuka jingine takalma kuka rataya usur a wuya, kuna tara yara da sassafe a filayen turɓaya na Williamsville, ko da la'asar a Parc des Sports na Treichville. A cikinku akwai wanda ya buga wa Stella ko Africa Sports, akwai wanda ya je Tunisiya ko Beljiyam ya dawo da ciwon gwiwa, akwai kuma 'ya'yan Hausawan da iyayensu suka zo fatauci daga Tawa da Maraɗi da Kano aka haife su a nan Abijan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, da yawanku na ɗaukar horarwa a matsayin ci gaban wasan da suka bari. Sana'a ce dabam, koyonta ma dabam. Duk wanda ya shige ta da sunan da ya yi a fili kaɗai, yaran da ke hannunsa ne za su ɗanɗana kuɗar rashin saninsa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. François Zahoui haifaffen Treichville ne, a Stella Club ta Adjamé ya yi tashe. A 1981 ƙungiyar Ascoli ta ɗauke shi, ya zama ɗan Afirka na farko da ya taka leda a babbar gasar Italiya. Ana yawan ambaton wannan, amma ba a cika faɗin cewa wasa 11 kacal ya buga a gasar cikin shekara biyu ba. Sauran lokacin a benci ya yi shi. Daga nan ya koma Faransa, ya yi shekaru a Nancy da Toulon, kuma a Toulon ɗin ya fara horarwa kafin ya dawo gida ya riƙe Africa Sports. A ganina zaman bencin nan na Italiya yana cikin abubuwa mafi amfani da koci zai gada daga ƙuruciyarsa. 'Yan wasa goma sha ɗaya ne ke shiga fili, amma mutum ashirin da wani abu kake riƙe da su, kuma waɗanda ka bari a waje su ne ke gyara ƙungiya ko su rusa ta. Tauraron da bai taɓa zama a benci ba bai san zafin da ke zuciyar yaron da aka karanta sunaye babu nasa ba. In kana cikin irin waɗannan taurari, to ka sani akwai darasin da ka tsallake, sai ka koma ka neme shi. Ka kira yaron da ka ajiye tun kafin ranar wasa, ka faɗa masa dalili a keɓe, ka kuma faɗa masa abin da zai gyara ya dawo.

A watan Agustan 2010, bayan tafiyar Sven-Göran Eriksson, aka ba Zahoui riƙon ƙwarya na tawagar Giwayen Kwaddibuwa. Wasansa na farko da Italiya ne a Landan, ya kuma ci su ɗaya da nema, Kolo Touré ne ya jefa ƙwallon da ka. Sai aka tabbatar masa da kujerar. A gasar cin kofin Afirka ta 2012 a Gabon da Ikwatoriyal Gini, ya doke Sudan da Burkina Faso da Angola, ya fitar da Ikwatoriyal Gini mai masaukin baƙi, ya fitar da Mali. Wasa shida, ba a zura masa ƙwallo ko ɗaya ba. Ku tsaya ku auna wannan. Tawaga ce mai Drogba da Yaya Touré da Gervinho da Kalou, mutanen da kowannensu ya fi kocin suna da kuɗi, amma ya sa su suka yarda su koma baya su tare gida. Wannan ba ya samuwa da tsawa ko da ba da labarin zamanin da kake murza leda. Da shiri ake samun sa, da bayani mai gamsarwa, da kuma adalcin da 'yan wasa suka gani da idonsu.

Kun san yadda ta ƙare. Ranar 12 ga Fabrairu a Libreville aka tashi canjaras da Zambiya, bayan Drogba ya ɗaga fanareti sama ana cikin wasa, sannan Zambiya ta ɗauki kofin da ci 8 da 7 a bugun daga kai sai mai tsaron gida. A watan Mayu aka sallami Zahoui, aka kawo Sabri Lamouchi, tsohon ɗan wasan Faransa wanda bai taɓa horar da ƙungiya ko ɗaya ba. Har yau ina ganin ba a yi wa Zahoui adalci ba, kuma ba zan ɓoye hakan ba. Shekara ta zagayo, Najeriya ta fitar da Giwayen Lamouchi da ci 2 da 1 a Rustenburg. Wanda ke jan ragamar Najeriya a ranar shi ne Stephen Keshi, mutumin da dattawan cikinku suka gani da rigar Stade d'Abidjan da ta Africa Sports a tsakiyar shekarun 1980, wanda kafin nan ya sha gwagwarmayar horarwa a Togo da Mali.

Abin da nake so ku lura da shi a rayuwar Zahoui shi ne abin da ya yi bayan korar. Mutumin da ya jagoranci Drogba zuwa wasan ƙarshe ya karɓi Mena ta Nijar a 2015, ya yi kimanin shekara huɗu a Yamai, daga nan ya wuce Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a 2019. Bai ɗauko kofi a can ba, ba a ma sa ran haka ba. Amma ya ci gaba da aiki da 'yan wasan da ba su kai rabin gwanintar na baya ba, kuma nan ne ake gane wanda ya iya koyarwa. Na san wasunku da suke zaune a majalisar masu garba da shayi suna jiran babbar ƙungiya ta kira, suna ƙin riƙe 'yan ƙasa da shekara 13 wai ya yi musu kaɗan. Karen motar gbaka da ke rataye a ƙofa daga Adjamé zuwa Abobo, da haka yake haddace hanya da halin fasinja kafin a miƙa masa sitiyari. Ku karɓi ƙaramin aikin.

Emerse Faé shaida ne. Ciwon daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa ya raba shi da wasa a 2012 yana da shekara 28. Ya shiga makarantar horar da yara ta Nice ya yi kusan shekara tara yana fama da matasa, ya riƙe ƙungiya ta biyu ta Clermont, sannan ya zama mataimakin Jean-Louis Gasset a 2022. Da Ikwatoriyal Gini ta lallasa Giwaye 4 da nema a Ebimpé a Janairun 2024, aka sallami Gasset aka ba Faé riƙon ƙwarya, hukuma ta fara neman aron Hervé Renard daga Faransa, sai da aka hana ta sannan Faé ya ci gaba da riƙo. Ya dawo da Seri da Gradel cikin 'yan farko, ya fitar da Senegal a Yamoussoukro, ya fitar da Mali a Bouaké da mutum goma, ya doke Kwango, ya ci Najeriya 2 da 1 ranar 11 ga Fabrairu. Mutane na cewa sa'a ce, kuma akwai rabo a ciki, tunda ba don Maroko ta ci Zambiya ba da ko zagaye na biyu ba a kai ba. Sai dai canjin 'yan wasan da ya riƙa yi ana tsakiyar wasa, hannun wanda ya daɗe a bakin fili ne.

Kada kuma ku ɗauka koyo kaɗai ya isa kariya. Kolo Touré ya yi shekaru yana mataimakin Brendan Rodgers a Celtic da Leicester, amma da ya karɓi Wigan a ƙarshen 2022, wasa tara ya yi babu nasara aka sallame shi. Ƙungiya ce da ke jinkirin biyan albashi a kakar, har aka zabtare mata maki. Kafin ka amsa kiran shugaban kulob, ka tambayi 'yan wasansa yaushe rabonsu da albashi. Ka sa a rubuta kwantiragi, a faɗi wa'adinsa da abin da za a biya ka in an kore ka, a faɗi wanda ke zaɓen 'yan wasa. Keshi ma da kofin Afirka a hannunsa sai da ya yi watanni yana bin albashi. Ku kuma nemi lasisin CAF tun daga matakin ƙasa, ofishin hukumar FIF a nan Treichville yake. Takarda ba ta koya maka sanin halin yaro, amma in babu ita ba za a bar ka ka zauna a benci a manyan gasanni ba, kuma a ajin ne za ka ji yadda ake tsara atisayen mako da abin da jikin ɗan shekara 14 ke iya ɗauka.

Saura maganar da ta fi damuna, wato yaran kansu. Ƙwallon da kai kake tarewa da ƙirji ba tare da tunani ba, sai ka iya rarraba shi gaɓa gaɓa ka faɗa da baki, da Faransanci ko Jula ko Hausa, duk wanda yaron ya fi ji. In ka nuna sau ɗaya ya kasa ka zage shi, ba ka koyar da komai ba. Yaran unguwannin nan sun taso da maracana a kan titi, ƙafarsu ta san ƙwallo a matsattsen wuri, abin da suka rasa shi ne sanin inda za su tsaya a babban fili idan ƙwallo ba ya ƙafarsu. Ku tuna cewa yaran da Jean-Marc Guillou ya tara a Sol Béni sun yi shekaru ana gina su a hankali kafin su doke Espérance ta Tunis 3 da 1 a Super Cup na 1999, kuma tare da karatu aka haɗa musu.

Don girman Allah kada ku rage wa yaro shekaru. Yanzu ana duba ƙashin wuyan hannu da na'ura a gasannin 'yan ƙasa da shekara 17, yaron ne zai kunyata a gaban duniya, kai kana gida. Kada kuma ku zama tsani tsakanin iyaye da dillalin da ke cewa a kawo kuɗin biza da tikiti zai kai yaro gwaji Turai. Dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da wasu 'yan keɓaɓɓun dalilai da ba su shafi yawancin yaranmu ba. Mahaifiyar da ke sayar da atamfa a kasuwar Forum za ta karya jarinta saboda ta yarda da kai, don ta taɓa ganin ka a talabijin da rigar ƙungiya. Akwai hanyar halal ta cin moriyar wahalarku. Kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe ana raba shi ne ga ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23, amma sai cibiyarka tana da rajista, yaron kuma yana da lasisi da sunanta. Saboda haka kafin a buɗe kaka mai zuwa, kowa ya karɓi takardar haihuwa ta asali daga hannun iyayen kowane yaro, ya yi wa cibiyarsa rajista, ya yanka wa yaransa lasisi da sunayensu da shekarunsu na gaskiya.

Wassalam, naku mai ƙaunar sana'arku.