Wasiƙa Zuwa ga Malaman Malamai, a Kan Koyar da Karatu



Wannan takarda taku ce, ku malamai da kuke horar da malaman firamare a kwalejojin ilimi, da masu shirya bita a hukumomin SUBEB, da na Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, har da takwarorinku na makarantun horon malamai a Nijar. Roƙo ɗaya ne ya kawo ni. Kada ku sa hannu a takardar shaidar ɗalibin da bai taɓa zama da yaro guda ya ɗauke shi daga rashin sanin harafi har ya kai shi ga karanta jimla ba, kuma a gaban idonku.

A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba. An sha cacar baki a kan korarsu, ƙungiyar malamai ta yi yajin aiki, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, wa ya yaye su? Galibinsu dai wata makaranta ce ta ba su takarda, wani malami ne ya duba jarrabawarsu ya ce sun ci. Kafin wannan ma, tun daga 2011, gwajin karatun ƙananan azuzuwa da ake kira EGRA ya nuna a Bauchi da Sakkwato cewa mafi yawan yaran da aka gwada ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta gajeren labari, kuma da Hausa, harshen da suka tashi da shi a ɗakin uwayensu. A duniya ma Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kusan yara tara cikin goma 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan rubutu mai sauƙi su gane abin da ya ce. Rashin albashi, cunkoson aji, rashin littattafai, duk gaskiya ne, kuma ba a hannunku suke ba. Abin da malami ya iya ranar da ya fara shiga aji kuwa, wannan daga wurinku ya fito.

Ku leƙa aji ɗaya da hantsi. Malama ta rubuta jimla a allo, tana bin ta da sanda tana faɗa, yara tamanin suna amsawa har ana jiyo su daga bakin titi. Hedimasta ya gifta ya ji aji ya ɗauka, ya ce ana aiki. Uba ma in ya zo wucewa haka zai ce. To a janye yaro guda gefe, a rufe hoton da ke shafin, a ɗora yatsa a kan kalma ta uku a ce ya karanta. Fuskar malama zai kalla. Ya haddace amon jimlar tsaf, amma bai san inda wata kalma ta tsaya wata ta tashi ba. Amshi yana ɓoye yaron da bai iya ba, yana iya ɓoye shi har aji shida.

Ba na ganin laifin malamar sosai. Haka aka koya mata tana ƙarama, kuma da ta zo kwaleji, shekara uku na NCE, me ta tarar? Lacca a kan Piaget, tarihin ilimi, falsafar ilimi, takardun lacca da za a saya a haddace a mayar wa mai su ranar jarrabawa. Ku yi haƙuri da ni, wannan ma amshi ne, na manya. Ga kuma wani giɓi da na daɗe ina lura da shi: sashen Hausa ya duƙufa a kan nahawu da adabi da waƙa, sashen ilimin firamare yana koyar da dabarun koyarwa da Turanci, sai koyar da yaro karatun Hausa ya faɗa tsakani, kowa na zaton aikin ɗan uwansa ne.

Abin takaicin shi ne Hausa na cikin harsunan da karatunsu bai da wuya. Wasula biyar ne, kusan kowane harafi sautinsa ɗaya, gaɓa kuma ko baƙi da wasali, ko baƙi da wasali da wani baƙin, sai tagwayen wasula irin na “kai” da “sau”. Philip Seymour da abokan aikinsa sun buga wani bincike a 2003 a kan harsunan Turai, inda suka ga yaran da rubutun harshensu ke bin furuci, kamar na Finlan da Italiya, sun kusa gama kama haɗa baƙi a ƙarshen shekarar farko, su kuwa masu Turancin Ingilishi sai sun ninka wannan lokaci ko fiye. Hausa a sahun farko take. Da haruffa huɗu kacal, a, n, k da m, yaro zai karanta “nama”, “kaka”, “mama”, “kana nan”. A mako na biyu ke nan yana karanta abin da ya san ma'anarsa. Ɗalibinku ya san wannan? Ko kuwa zai fara daga A ya bi layi har Z, zango guda cur, yara suna rera sunayen haruffa da Turanci? Yaron da aka gaya masa sunan harafin c “si” ne, yaya zai yi da “ciki”? Wanda aka ce masa a “ei” ce, i kuma “ai”, ai an ɗaure masa ƙafa kafin ya fara tafiya. Sauti za a fara ba shi, suna ya biyo baya.

Ba baƙon ilimi ba ne wannan a ƙasarmu. Malamin allo bai taɓa jin sunan wani kwamitin bincike na Amurka ba, amma ya san sai yaro ya yi babbaƙu kafin farfaru, sai ya san baƙi kafin a ɗora masa wasali, sannan a koya masa haɗawa. Mafi muhimmanci, kowane almajiri yana zuwa gabansa shi kaɗai ya biya allonsa, kuma ba a wanke allo sai malam ya ji da kunnensa. A makarantar allo ma akwai hadda ba fahimta, ba na musu. Amma wannan tsari na hawa-hawa da sauraron yaro ɗaiɗai, mu 'yan boko muka yar da shi, sai da aka dawo mana da shi a cikin littattafan Mu Karanta na Bauchi da Sakkwato da shirin RANA na Katsina da Zamfara, sannan muka karɓe shi hannu bibbiyu. Ku tuna wa ɗalibanku kuma cewa yawancin yaran da za su samu a aji ɗaya sun riga sun san alama a kan allo tana ɗauke da sauti. Abin da zai rikita su shi ne nan daga hagu ake farawa, kuma b da d, ɓ da ɗ, suna yi musu kama da juna.

Sai batun rubutun malamin kansa, wanda na san ba a son tayarwa. Ku yi wa sababbin ɗalibanku shifta ta sakin layi ɗaya a makon farko, ku duba da kanku. Za ku ga “kafa” a wurin “ƙafa”, “baki” a wurin “baƙi”, “baba” a wurin “babba”, “ya na” a rabe, “akan tebur” a haɗe. Tun shekarun 1930, zamanin Rupert East da Hukumar Talifi ta Zariya, aka zaunar da haruffa masu lanƙwasa, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito da su tun 1939, amma yau wayar hannu ta saba wa matasa rubutu ba ƙugiya. Malamin da ba ya rarrabe k da ƙ a alli ba zai rarrabe wa yaro su ba. Haka tagwayen baƙaƙe, sh, ts, ky, gw, ƙw, sai ya san sauti ɗaya ne ake rubutawa da harafi biyu. Ya kuma san rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, don haka “fari” na launi da “fari” na rashin ruwa sai jimla ce ke raba su. Wannan kaɗai ya isa hujjar cewa ba a tsayawa a jerin kalmomi, da wuri ake shiga jimla. 'Yan uwa na Nijar kuma ku sanar da naku cewa ƴ ɗin da kuke rubutawa ita ce 'y a littattafan da ke shigowa daga Kano.

Yanzu ga yadda nake ganin za a cika roƙon nawa. Kowace kwaleji akwai firamare kusa da ita, wasu ma suna da tasu a cikin harabar makaranta. Tun shekarar farko, ba sai lokacin fita koyarwar gwaji ba, a haɗa kowane ɗalibi da yaro ɗaya ko biyu waɗanda ba su iya karatu ba. Sau biyu ko uku a mako, minti ashirin. Ya riƙe littafin rubutu na musamman, ya rubuta abin da yaron ya karanta da inda ya yi tuntuɓe. Sannan a lacca, maimakon ka karanta musu takarda, malam, sai ka ce wance ta tashi ta faɗa mana kuskuren yaronta na wannan mako. Ya karanta “gida” a wurin “gada”: wasali ne bai duba ba, ya ga baƙin farko ya yi cinke. Wata yarinya ta faɗi “ka”, ta faɗi “za”, amma ta kasa cewa “kaza”: haruffa sun zauna, haɗawa ce ba ta samu ba, kuma maganin wannan daban da na wancan. Wani yana karantawa daidai, amma a hankali ƙwarai, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Wata kuma ta yi shiru gaba ɗaya, aka bincika, ashe Fulatanci ko Barbarci ake yi a gidansu, ko kuma ba ta ganin allo daga inda take zaune. Ɗalibin da ya saba jin irin waɗannan ya yi kunnen malamin karatu. Tela ba ya yaye yaron shagonsa don ya iya bayanin keken ɗinki, sai ya ga rigar da ya ɗinka.

Za ku ce ajin da ɗalibin zai tarar na yara ɗari ne, ba na yaro guda ba. Haka ne. Amma wanda bai san yadda yaro ɗaya ke koyo ba, ɗarin ma hayaniyarsu kawai zai ji. Wanda ya sani kuwa zai iya kiran yara biyar kullum, minti ɗaya ɗaya, cikin wata guda ya zagaye ajin. Zai iya kasa su gida-gida bisa matakinsu, masu harafi, masu kalma, masu labari, kamar yadda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta tsara aka kuma gwada a Borno da Kano. Tsarin nan na “in yi, mu yi tare, ku yi” da ake nanatawa a bita yana da kyau, illa dai na ga malamai da yawa suna maƙalewa a “mu yi tare”, domin nan ne amshi yake. Ku matsa a kan na ukun.

Kada kuma a zarce a ɗauka haɗa baƙi shi ne karatu duka. Gough da Tunmer sun faɗa tun 1986 cewa fahimtar rubutu abu biyu ne ke haifar da ita, iya warware haruffa da fahimtar harshen, in ɗaya babu to babu. Saboda haka ɗalibinku ya iya karanta labari da murya mai rai, ya tsaya ya tambayi yara me suke jin zai faru, don me Gizo ya yi haka. Magana Jari Ce ta fi ƙarfin idon ɗan aji ɗaya, amma ba ta fi ƙarfin kunnensa ba. A nan ne kuma maganar harshe take. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada koyarwa da Yarbanci shekara shida a Ife tun daga 1970, Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram a 1973, manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko na yankin. Tun daga nan manufa ke juyawa da juyawar ministoci. Ko wane harshe aka ce a yi jarrabawa da shi, yaron da ya iya karanta Hausa ba sai an sake koya masa mene ne karatu ba in ya zo Turanci ko Faransanci. Sababbin sautuka da kalmomi ne suka rage masa.

Ku masu shirya bita, kalma biyu. Horon kwana biyar a zauren otal, wanda babban mai horo zai ba ƙarami, ƙarami ya ba na ƙaramar hukuma, shi kuma ya ba malami, kafin ya isa aji ya tsarke, saura alawus da jaka mai tambari. Abin da ya ɗaga shirin Tusome na Kenya daga 2015 shi ne kowane yaro da littafinsa, malami da jagoran darasi a hannu, sannan akwai jami'in da ke zuwa aji a kai a kai, ya zauna ya kalli darasi, ya saurari yara suna karatu, ya zanta da malamin. Sufeton da zai duba rajista ya sa hannu ya tafi ba shi ake nufi ba. Ku kuma roƙi hedimastoci su daina tura malamin da ya fi rauni aji ɗaya suna ajiye gwani a aji shida.

Saura littafi. Shirye-shiryen ƙungiyoyin waje suna da wa'adi, in sun tashi littattafansu sukan yage ba a sake bugawa. Iyayenmu da suka yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 da 'yan ƙananan littattafan hukumar NORLA suka koya. Ku sa kowane ɗalibi, kafin ya fita, ya rubuta gajerun labarai goma da hannunsa, kowanne da haruffan da yaro ya riga ya koya kaɗai, na farko da huɗu, na gaba da shida, har a kai ga ƙ da ts. Ya gwada su a kan yaronsa, ya gyara inda yaron ya tsaya. Ku ba wannan aiki maki mai nauyi kamar na jarrabawar ƙarshe, tare da littafin kurakuran yaron, kuma ranar yanke hukunci a kawo yaron ya karanta.

Wassalam.

Ɗan uwanku a sana'a,
wani tsohon malamin firamare.