Jos: Ko baƙi za su koma yawon buɗe ido a Filato?

A watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a unguwanni irin su Ƙofar Dundaye da ke birnin Sakkwato, mazauna Jos kan nemi abin rufa da asuba. Birnin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma wannan sanyi shi ne jarinsa na farko. Shekaru da dama ma'aikata da 'yan kasuwa daga Sakkwato da Kano da Katsina sun riƙa zuwa can hutu da iyalansu, har jihar Filato ta yi wa kanta kirari da cibiyar zaman lafiya da yawon buɗe ido.

Gwamnatocin jihar, ciki har da ta Caleb Mutfwang wadda ta hau mulki a 2023, sun sha alkawarin farfaɗo da wannan harka. To sai dai tambayar da masu lura da al'amura ke yi ita ce, wane baƙo ne zai zo, kuma ta wace hanya zai bi?

Abin kallo

Babu gardama cewa akwai abin gani. Tsaunukan Shere da ke gabashin birnin sun haura mita 1,800. A kan hanyar Abuja akwai magangarar ruwa ta Assop, sannan ga duwatsun Riyom da suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su. A yankin Mangu kuma akwai tsaunuka masu aman wuta da suka daɗe da mutuwa, a kewayen Kerang da Panyam, inda ake samun ruwan kwalba na SWAN. Ƙasar wurin mai albarka ce, shi ya sa dankalin Turawa da ake sayarwa a kasuwannin arewa mafi yawansa daga Filato yake fitowa.

A cikin gari akwai gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952, inda aka ajiye mutum-mutumin yumɓu na Nok waɗanda suka haura shekaru 2,000. Kusa da shi aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da na tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ta yadda Bakano kan je Jos ya tarar da abin da ya bari a gida. Gandun namun daji na birnin kuwa tun 1972 aka kafa shi.

Gadon kuza

Jos ba tsohon birni ba ne irin Sakkwato ko Katsina. Kuza ce ta haife shi. Turawan Ingila sun fara shiga yankin neman ma'adinin a farkon shekarun 1900, jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, kuma kamfanonin haƙa suka jawo dubban lebura da 'yan kasuwa, Hausawa da Ibo da Yarabawa da sauransu. A lokacin yaƙin duniya na biyu ma har aikin tilas aka yi, inda aka kwaso mutane daga lardunan arewa zuwa ramukan haƙa. Sunaye irin su Barikin Ladi shaida ne na wannan zamani.

Yawancin abin da baƙo ke sha'awa a Jos ya samo asali ne daga nan: filin wasan golf na Rayfield, da otel ɗin Hill Station, da tafkunan da suka cike tsoffin ramukan kuza. Kuma daga nan ne rikicin birnin ya samo asali. Ƙabilun Berom da Anaguta da Afizere suna cewa ƙasar ta kakanninsu ce, an ƙwace ta ne aka ba kamfanoni. Hausawan Jos kuwa suna cewa kakanninsu ne suka gina garin, ba su da wani gida da ya wuce shi, amma ana kiransu baƙi. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, arziƙin da ake rabawa ya ragu, sai takaddamar ta koma kan muƙamai da takardar shaidar zama ɗan asalin wuri.

Ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 ya ƙara zafafa lamarin. An yi tarzoma a 1994, sannan a watan Satumban 2001 aka kashe mutane kimanin 1,000 cikin 'yan kwanaki. A 2002 babbar kasuwar Terminus ta ƙone. An sake zubar da jini a 2008 da 2010. Tun daga lokacin birnin ya rabu, Musulmi suka tattaru a unguwanni irin su Unguwar Rogo, Kirista a irin su Unguwar Rukuba, kowa yana taka-tsantsan da shiga yankin ɗan'uwansa idan hankali ya tashi.

Matsalar hanya

Ga matafiyi daga arewa maso yamma, abin tsoron ya fi yawa a kan hanya. A 2018 an gano motar Janar Idris Alkali mai ritaya a cikin wani tsohon ramin kuza a Dura-Du, bayan ya ɓace yana kan hanyarsa ta zuwa Bauchi. A watan Agustan 2021 an tare wasu matafiya Musulmi a hanyar Rukuba aka kashe fiye da 20. Su ma ƙauyukan Kirista sun ɗanɗana kuɗarsu: a jajibirin Kirsimetin 2023 'yan bindiga sun kashe fiye da mutane 140 a Bokkos da Barikin Ladi, kuma a watan Janairun 2024 an sanya dokar hana fita a Mangu. Wato wuraren da tsaunukan nan masu ban sha'awa suke, su ne wuraren da rikicin manoma da makiyaya ya fi ƙamari.

Wasu kan kawo misali da Ruwanda, wadda bayan kisan ƙare-dangi na 1994 ta mayar da tsaunukanta masu aman wuta babbar hanyar samun kuɗin shiga, har baƙo na biyan dala 1,500 don ya ga goggon biri. Amma Ruwanda ta dogara ne ga attajirai daga Turai da Amurka. Jos kuwa kasuwarta ta cikin gida ce: ɗalibai masu ziyarar gidan tarihi, da ma'aikatun da ke shirya taruka, da masu shirya fina-finai, da iyalai masu gudun zafin bazara. Irin waɗannan baƙi ba talla ke kawo su ba, labarin da ɗan'uwa ya kawo daga tafiya suke bi.

A nan ne aikin gwamnati ya fi wuya. Gyara otel ko shinge gandun daji abu ne na kasafin kuɗi. Hukunta masu laifi kuwa wani abu ne daban: an kafa kwamitocin bincike bayan rikice-rikicen 1994 da 2001 da 2008, amma kaɗan ne daga cikin shawarwarinsu aka aiwatar, kuma batun wane ne ɗan Jos har yanzu ba a warware shi ba.