Koyar da injiniyanci ta intanet: Malaman Yola na da abin faɗa

Lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, jami'ar AUN da ke Yola ta mayar da darussanta kan intanet. Su kuwa ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981 domin koyar da fasaha, sai zaman gida ya same su, ga annoba, ga yajin aikin ASUU har zuwa Disamba.

Ana iya koyar da lissafi da zanen gini ta kwamfuta, muddin ɗalibin da ke haya a Jimeta ya samu wuta da kuɗin data. Amma wanda bai taɓa gwada ƙarfin kankare a ɗakin gwaji ba, babu mai hankalin da zai damƙa masa gyaran gadar Kogin Binuwai. Tun da hukumar COREN ta samu kujerar wucin gadi a Yarjejeniyar Washington a 2023, abin da ɗalibi ya iya yi da hannunsa shi ne ma'auni.

To, wane darasi ne ya dace da intanet, wanne ne sai a ɗakin gwaji? Malaman da suka gwada su ne ke da amsa. Ya kamata su rubuta abin da suka gani, har da inda aka gaza, su kai shi taron shekara-shekara na Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya. Asusun TETFund, da ya saba biya wa malaman jami'o'in gwamnati kuɗin halartar taruka, ya ware wa irin wannan bincike kasonsa.